Kantin da Ake Zagayewa

Ban taɓa zaton zan tsufa ina fargabar wayewar gari ba, amma ga shi haka ta kasance. Tun da maigidana ya rasu a can wajen Kaikai na tattaro 'yan komatsaina na dawo gidanmu na Kankiya, ɗakin da aka haife ni a ciki, wanda bangonshi ɗaya da kantin gidanmu. Mai kantin yanzu ƙanena ne, autanmu, shi ya gaji mahaifinmu a wurin. Ya yi furfura, ya yi jikoki, har hawan jini ya kama shi, mutane na ce mashi Alhaji, amma ni a wurina Auta ne har gobe, don bayan nan nawa ya san nauyinshi. To shi ne a 'yan watannin nan ya hana ni sukuni. Mutum ne mai son mutane kamar me, kuma ina kallo mutane suka janye daga gare shi, shi kuwa yana ta ramewa yana neman laifin da ya yi masu.

Sai na faɗi yadda wurin yake a da, in ba haka ba yaran yanzu za su ce tsohuwa ta rasa abin damuwa. A ƙuruciyarmu, da an sallame sallar asuba za ka ji Baba, mahaifinmu, yana jan ƙyauren langa-langa, ƙiiii, ya yi bisimilla. Ni ce mai shara. In na gama in yayyafa ruwa a ƙofa, in shimfiɗa tabarma bisa dakali, sannan in zauna wankin kwalaben kananzir, waɗanda warinsu ba ya barin hannu ko an ci tuwo an wanke. Sabulu kuwa sanda-sanda yake zuwa, da zare Baba ke yanka shi, ya ciji bakin zaren da haƙori ya ja, ni in jera gutattsarin a rana su ƙara tauri. Ga gishiri a buhu, ga kanwa, ga ashana, ga allura da zare, ga lagwani a naɗe. Daga cikin gida luguden taɓarya na tashi, daga waje jakai na wucewa, Fulani masu nono na tallar su da wata murya siririya. Ranar kasuwa kuwa ba a cewa komai. Mutanen Rimaye da na Mawashi duk a ƙofarmu suke sauke gajiya, wannan ya bar takalmi ajiya, wancan ya ɗaure akuya jikin turke ya ce yanzu zai dawo, ba zai dawo ba sai la'asar, akuyar ta ishe mu da kuka.

Amma abin da ya fi komai yawa a ƙofar nan gaisuwa ce. Hanyar da ta taso daga babban titi ta shiga unguwarmu ta gaban kantin ta bi, don haka duk mai shiga da mai fita sai ya ratsa ta gaban Baba, kuma babu mai ratsawa da baki rufe. Yana awon gishiri yana amsawa, yana zuba kananzir da mazurari yana tambayar mai jiki, bai taɓa zubarwa ba kuma bai taɓa ɓata sunan ɗiyan kowa ba. Wanda ba shi da abin saye ma yakan tsaya, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa dakali, a taɓa zancen damina. Inna takan yi mashi tsiya ta ce, ubanku ko ciniki bai yi ba zai ci tuwo ya ƙoshi, amma a hana shi gaisuwa yini guda ku ga ikon Allah. Muna dariya, don mun ɗauka wasa take.

Ranar da na gane ba wasa take ba, ina 'yar budurwa, ban kai aure ba. Akwai wani maɗinki a bayan layinmu, abokin Baba, wanda kullum da safe sai ya tsaya sun yi barkwanci. Rannan ya zo wucewa, ya sunkuyar da kai, ya kama gefen rigarshi kamar mai ɓoye wani abu, ya wuce fuu. Baba ya bi shi da kallo, mudu a hannu. Washegari ma bai biyo ba. Da hantsi sai na ga Baba ya rufe kanti, abin da ba ya yi sai an yi rasuwa. Ya shiga ya sanya rigarshi ta Juma'a, ya ƙulla goro a ganye ya miƙa mani ya ce in biyo shi. Muka iske maɗinkin a zaure yana taka keke. Baba ya yi sallama, ya zauna ƙasa, ya ce, “Malam, na zo ne ka faɗa mani mi na yi maka. In magana ce ta fita bakina ban sani ba, ka yafe mani, in kuma yarana ne, ga babbarsu nan na kawo maka.”

Maɗinkin nan ya daina taka keke. Ya ce, “Subhanallahi! Wallahi ba ka yi mani komai ba.” Baba ya ce, “To mi ya hana ka gaishe ni?” Sai ya tashi ya shiga ciki ya fito da fitilar ƙwai sabuwa fil. Ashe Katsina ya je ya gan ta ya saya, alhali irinta na rataye a kantin Baba, shi ne kunya ta hana shi haɗa ido da shi. Baba ya karɓi fitilar ya juya ta, ya ɗaga ƙwan, ya murɗa lagwanin sama da ƙasa, sannan ya tuntsire da dariya har da hawaye. Ya ce, “Kai amma ka wahalar da ni! Wannan ai ta fi tawa ƙarfe, ka yi dace. Saboda fitila za ka sa in kasa cin abinci?” Suka ci goron tare. A hanyar dawowa ya dafa kafaɗata. Wannan babban mutum da nake gani ba ya tsoron kowa, ashe tun jiya a tsorace yake. Ya ce mani, “Ɗiyata, kowa ya sayi abinshi inda ya ga dama, arziki na Allah ne. Ni dai kar a wuce ni kamar ba a san ni ba.” Tun daga ranar ban ƙara wuce babba ban gaishe shi ba, ko muna faɗa da gidansu.

To Auta duk halin Baba ya kwaso, har ya ɗara. Shi ma da zare yake yanka sabulu har kamfani ya daina kawo na sanda. Shi ma ba ya awo bai yi gyara ba. Yara kuwa sun san in aka aike su wurinshi sai an tambaye su karatu, wanda ya amsa daidai ya sami alewa, wanda ya kasa ma ya samu, sai dai da rankwashi. Haka muke har aka gina katafaren kantin nan a bakin babban titi, wanda aka ce reshe ne, uwayenshi na Kano da Katsina. Ni ƙafata ba ta kai ni ba, jikanyata ce ke ba ni labari. Ta ce ciki sanyi kamar randa, fitilu tar da rana tsaka, kowa ya ɗauki kwando ya zaɓi abin da yake so da hannunshi, babu ciniki, babu sallama, wata na'ura ce ke yin ƙara a bakin ƙofa ka biya ka fita. Ta ce shinkafa da mai da sabulu da maganin sauro duk wuri ɗaya, wasu abubuwan ma sun fi sauƙi. Ni ban ga laifinsu ba, sana'a suka zo yi. Abin da dai na lura da shi tun farko ledarsu ce, rawaya, mai kauri, da tambarin kantin a jiki, ana hango ta tun daga nesa, ga ta da ƙarar tsiya, ƙwaram-ƙwaram, ba ta ɓoyuwa.

Da farko mutane na wucewa da ledar a hannu, su yi gaisuwa a tsaitsaye. Shi kuwa Auta, da zuciyarshi ɗaya, sai ya yi irin ta Baba, ya washe baki ya ce, “A'a, an je birni ke nan! Mi aka samo mana? Kawo in gani.” So yake ya duba ya yaba. Su kuwa sai su ji kamar ya kama su da kayan sata. Ka ga dattijo da gemunshi yana inda-inda, wai yara ne suka matsa, wai hanya ce ta biyo da shi. Daga nan aka koma cusa ledar cikin hijabi ko ƙarƙashin babbar riga, tana ƙara tana tona masu asiri. Daga nan kuma sai sawu ya fara ɗaukewa. Da la'asar, lokacin da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya, sai in zauna a ɗaki in ji kukan kurciya da tarin Auta, shi ke nan. Unguwa cike da mutane, ina jin muryoyinsu ta bayan gidaje, amma hanyar ƙofarmu wayam.

Ba rashin cinikin ne ya dame shi ba, in faɗi gaskiya. Yana da gona wajen Rimaye da ke ba shi hatsin shekara, 'ya'yanshi kuma ba su bar shi ba. Rannan na kai mashi fura na iske ya ɗauko mudunshi da na maƙwabciyarmu mai sayar da gero, yana zuba wannan cikin wancan. Na ce, “Auta, mi kake yi haka?” Ya ce, “Yaya, halan wani ya ce mudun nan ya rage. Ina dubawa ne.” Na ce, “Mudun Baba ne zai rage? Ya daɗe bai rage ba sai yanzu da ya ga ka tsufa?” Bai yi dariya ba. Ya sa aka duba mashi sikeli. Ya kwashe sukarin da ya ɗan daskare ya ba yara sadaka, ko shi ne aka ƙi. Ya je wurin liman ya tambaye shi ko an kai ƙararshi, liman ya ce bai ji komai ba sai alheri. Ya dawo ya zauna bisa dakali ya yi tagumi, in ya hango mutum daga bakin titi ya gyara zama ya shirya baki, sai ya ga mutumin ya karkata ya ɓace.

Sai ga shi rannan ya fito cikin rigar Juma'a ba ranar Juma'a ba, da goro a leda. Na san wannan shigar. Na ce, “Ina za ka?” Ya ce, “Inda Baba ya je.” Na ce, “Baba wurin mutum ɗaya ya je. Kai gidan wa za ka fara, gidan wa za ka ƙare?” Ya ce Allah zai ba shi iko. Haka ya dinga bi zaure-zaure yana zama ƙasa yana neman gafara. Kowa kuma amsa ɗaya yake ba shi: “Haba Alhaji! Wallahi babu komai. Kai da ba ka da abokin faɗa?” Babu wanda ya yi ta maza irin na maɗinkin nan ya shiga ɗaki ya fito da abin da ya saya. Washegari wasu su zo su sayi ashana ko allurar da ba su da bukata, a gurguje, ido a ƙasa, daga nan kuma ba za a sake ganin ƙeyarsu ba. Zuwan da ya yi masu sai ya ƙara masu nauyi. Shi kuwa ya dawo ya ce mani, “Yaya, sun ce babu komai, amma ba su dube ni ba. Abin da na yi babba ne, tunda har an kasa faɗa mani.”

Abinci ya daina shiga. Matarshi ta yi kuka ta gaji. Wata rana da hantsi jiri ya kwashe shi a bakin kanti, Allah ya taimaka ya faɗa bisa buhun gishiri. A asibiti suka ce jininshi ya hau ƙwarai, ya rage tunani, kamar tunani rigar sawa ce da za a tuɓe a rataye. Babban ɗanshi da ke Kano ya bugo waya yana faɗa, a rufe kantin nan, ubanshi ya koma wurinshi ya huta. Auta ya ce ba inda za shi, ba zai bar gari da laifin mutane a wuyanshi ba. Ni kuwa na san in aka kai shi Kano aka ajiye a ɗaki mai fanka, ba wanda ya san shi, ba zai ga damina ta gaba ba. Na kuma san in ya zauna a haka, ita ma ba lalle ya gan ta ba. Wallahi har addu'a nake rikicewa a cikinta, ban san wanne zan roƙa ba.

Yadda na gano zancen kuwa, suna aka yi a wani gida can ƙasan unguwa, an yi ruwa da safe. Na ce bari in yanke ta lungun bayan masallaci. Wannan lungu tun muna yara ba mai binshi sai awaki, kwata ce ke gudu a tsakiyarshi, ga ƙaiƙayi ga wari. Ina shiga na tsaya turus. An jera duwatsu da fasassun bulo a cikin kwatar, ciyawar gefe duk ta mutu da sawu, hanya ta fito sosai. Can tsakiya ga wata tsohuwa zaune cikin caɓi tana salati, zanenta ya ɓaci, leda rawaya ta fashe a gefenta, sukari na narkewa a ruwan kwata. Na matsa, sai na ga ƙawata ce ta ƙuruciya, wadda muka yi ɗiban ruwa tare, muka yi gaɗa tare. Na kama ta na tayar, ƙafarta ta gurɗe. Na ce, “Ke kuma mi ya kawo ki nan, ga hanya shimfiɗe a ƙofar gidanmu?” Ta dubi ledar, ta dube ni, sai ta rufe fuska da mayafi.

Ta ce, “Da wane ido zan dube shi? Ubanku ya auna gishirin da aka yi girkin aurena. Shi kuma Alhaji, duk ɗiyan da na haifa sun sha alewarshi. In wuce ta gabanshi da kayan wani kanti a hannu?” Na ce, “To ki saya wurinshi mana!” Ta ce, “Ke ma kin san ba ni ke da gidan ba yanzu. Yaran nan su ke ba da aike, su ce can za a je, can ne komai yake. Ni in je in dawo ta nan, Allah ya gani ba don ƙi ba.” Muna cikin haka sai ga ɗan liman da tashi ledar, yana tsallen duwatsu da riga a tattare. Bayanshi ga wata malamar Islamiyya, bayanta ga wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da takalmi mai sheƙi. Kowa ya gan ni sai ya daskare. Raina ya ɓaci, na ce, “Amma dai kun ji kunya! Mutum na can yana mutuwa a zaune, yana cewa ya yi maku laifi, ku kuna nan kuna iyo a kwata don kar ku ce mashi ina kwana?” Ɗan liman ya ce, “Inna, wallahi girmanshi ne muke gani.” Na ce, “Girman nan naku shi zai kai shi kabari.” Na raka ƙawata gida tana ɗingishi, sunan da ban je ba ke nan.

Na dawo gida da maganar a cikina. In faɗa mashi? Mutumin da ke neman laifinshi yana da sauran fata, gani yake in ya gano ya gyara kowa zai dawo. In na ce mashi babu laifin, na ƙwace mashi wannan ma. Na yi ta juya abin, in tashi in nufi kanti, in kai ƙofa in tambaye shi ko ya sha magani in dawo. Na yi tsammanin waɗanda na yi wa faɗa a lungu za su biyo su gaishe shi, ashe na ƙara ɓata lamarin, yanzu ni ma gudu na suke. Har sai da ya ce mani da safe, yana share ƙofa da kanshi, “Yaya, na yanke shawara. Yau in an idar da azahar zan miƙe a masallaci in roƙi jama'a gaba ɗaya. Duk wanda na cuta ya faɗa a gaban kowa, in biya shi.” Na hango shi tsaye da furfurarshi yana roƙo, sahu-sahu an sunkuyar da kai, ba mai cewa uffan. Na san daga wannan tsayuwar ba zai dawo gida da ƙafarshi ba.

Na karɓe tsintsiyar na jingine. Na ce, “Zauna, Auta.” Ya zauna. Na faɗa mashi duka, lungun, duwatsun, ledar, ƙawata cikin caɓi, da abin da ta ce. Na ce, “Ba wanda ke fushi da kai. Kunyarka suke ji. Sun sami wani kanti ne, kuma ba su iya haɗa ido da kai.” Ya ce, “Mudun fa?” Na ce, “Lafiyarshi lau.” Ya ce, “Ba wanda ya ce na yi mashi ƙwange?” Na ce, “Ko ɗaya.” Na zaci zai ji sanyi, sai na ga fuskarshi ta ƙara zubewa. Ya ce a hankali, “Da ma laifi na yi, Yaya. Laifi ai ana gyara shi.” Can kuma ya ce, “Ita ƙawar taki, ta ji ciwo sosai?” Na ce ƙafa ce ta gurɗe. Ya ce, “Tsohuwa kamar wannan cikin kwata, saboda ni ina zaune a nan.” Na ce ba saboda shi ba ne, saboda wautarsu ce. Bai ko ji ni ba. Bai dai miƙe a masallaci ba, wannan kam na gode Allah.

Washegari ya buɗe kanti kamar kullum. Amma bai shimfiɗa tabarma bisa dakali ba. Ya ja kujerarshi ya kai ta can ciki, bayan buhuna, ya juya ta tana fuskantar kantar kaya, bayanshi na ƙofa. Na ce, “Wannan kuma wane sabon salo ne?” Ya ce, “Hanyar ta kowa ce, ba tawa ba. In ba su ga idona ba za su bi abinsu.” Na yi faɗa, na ce Baba bai taɓa ba hanya baya ba, na ce zafi zai kashe shi a lungun nan, na ce mai saye ma in ya zo zai zaci ba kowa. Ya ce mai saye zai yi sallama. Kuma abin haushi, dabarar ta ci. Ba wanda ya yi shela, amma kafin a jima kowa ya sani. Sawu ya dawo ƙofarmu. Ana wucewa da ledoji a fili, in an zo daidai kantin a ɗan rage sauri, a saci kallon ƙeyarshi, a ƙara mai. Matarshi ta ce ai gara haka, ɗanshi na Kano ya ce ko yanzu a rufe. Ni kuwa kullum da safe sai na leƙa na tabbatar kafaɗun nan na motsi kafin in iya karyawa.

Jiya da azahar na kai mashi fura. Na tsaya a gefenshi, ni ina fuskantar waje, shi yana fuskantar gwangwanayen madara da suka yi ƙura. Aka wuce da leda, ƙwaram-ƙwaram, a hankali, da ɗan jan ƙafa. Bai juya ba. Ya ce, “Yaya, ke da kike kallon hanya, wa ya wuce?” Na ce ƙawata ce. Ya ce, “Ƙafar ta warke?” Na ce, “Da saura, tana ɗingishi kaɗan.” Ya ce, “To alhamdu lillahi, tunda ta sami hanya mai kyau.” Na ga ta tsaya can gaba, ta waiwayo, bakinta na motsi kamar mai son magana. Na ɗaga hannu zan yafuto ta, sai ya kama bakin zanena ba tare da ya dubi ƙofa ba. Ya ce, “Kar ki kira ta. Bar ta ta kai gida.”

Ban kira ta ba. Ta gyara riƙon ledarta ta tafi. Furar kuwa har la'asar tana nan inda na ajiye ta, bai taɓa ba.